Yaro ya koyi juyi, barcin dare ya gagara: ga yadda za ki yi

Toh 'yar'uwa, in yaronki ya kai wata 4 ko 5, da yana barcinsa lafiya lau sai kawai ya canza miki, ƙarfe ɗaya ya tashi, biyu da rabi ya tashi, ki haska fitilar waya ki tarar da shi a kife yana ɗaga kai kamar ƙadangare yana tsala ihu, ki kwantar da hankalinki. Juyi ya koya. Ya iya kifewa amma bai iya komawa rigingine ba, shi ne yake neman agaji. Ni a kan ɗana na biyu na sha wannan, Hajiyarmu ta ce haƙori ne, maƙociyata ta ce nonona ne ya daina isarsa in fara dama masa koko, ashe duk ba shi ba ne.

Yawancin yara gefe ɗaya suke fara iyawa, sai wajen wata 6 suke haɗa duka biyun. Kuma daidai wannan lokacin ne barcin jariri yake sauyawa, kusan duk bayan awa ɗaya sai barcin ya yi sama-sama, da can sai dai ya ɗan motsa ya koma, yanzu kuwa da ya motsa sai jiki ya tafi da shi, ya farka ya ga kansa yadda bai kwanta ba. Ko ke ce ai sai kin yi magana.

Abu na farko, daina naɗe shi a zani ko shawul. Daga ranar da kika ga ya fara karkata yana ƙoƙarin juyawa, naɗi ya ƙare, domin in ya kife hannuwansa na ɗaure ba shi da abin da zai dafa ya ɗaga fuska. In lokacin hunturu ne ki sa masa riga da wando masu ɗan kauri da safa, ya fi ki jibga masa bargo.

Sai shimfiɗa, nan ne zan daɗe dan wlh nan ne muke sakaci. Katifar ta zama mai tauri, ba wadda ta lotsa a tsakiya ba, zanin gado a ja shi sosai a cusa. Filo, bargo, 'yar tsana, tawul ɗin da ake nannaɗewa a tokare yaro dan kar ya juya, duk a kwashe. Tokarewar nan kamar dabara ce amma in ya juya hancinsa ya nutse a ciki fa? In gado ɗaya kuke kwana, kar ki yarda da cewa filo zai tare shi a baki. Ni haka na yi, na jera filo biyu na fita alwalar asuba, ban gama wanke ƙafa ba na ji tim, Allah Ya taimaka akwai kafet. Ranar baban yara ya sauke katifar ƙasa. Ki duba ramin da ke tsakanin katifa da bango ma, yaro yana iya gangarawa ya maƙale. Gidan sauro kuma kar a fasa sa shi, amma a ɗaure shi ya miƙe a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kar ya yi lako-lako inda zai naɗe da shi.

Kwanciya kuwa kullum a rigingine za ki ajiye shi, dare da rana, har ya shekara. Na san iyayenmu sun fi son rub da ciki wai yaro ya fi daɗewa yana barci, kuma gaskiya ne yana daɗewa, amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 1992 ta ce a daina, aka yi gangamin wayar da kai a 1994, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. In har yanzu gefe ɗaya ya iya, duk sanda kika gan shi a kife ki mayar da shi a hankali. In ya iya zuwa ya iya dawowa da kansa, ke dai ki kwantar a rigingine, in ya juya ki bar shi, ba sai kin kwana kina juya shi kamar waina a tanda ba.

Ainihin maganin da rana yake. Mu nan yaro yana wuni a goye ko a hannun wannan da wancan, yaushe zai koyi juyin? Ki shimfiɗa tabarma da zani, ki kifar da shi idonsa biyu kina zaune a wurin, minti 5 zuwa 10, sau da yawa a wuni, amma ba yana gama shan nono ba. Ki ɗauki abin da yake so, ko murfin kwano ne mai ƙyalli, ki riƙe a gefen kunnensa ki dinga jan shi baya yana bi da ido, kai zai juya, kafaɗa ta bi, sai ki ɗan tura ƙugunsa da yatsu biyu ya ƙarasa. Hannun da ya danne ne yake hana shi, ki gyara masa shi ya shige ƙarƙashin ƙirji. Ki yi dama ki yi hagu. Yayyensa ma ki sa su kwanta a ƙasa suna masa wasa, sun fi ki iya sa shi motsi.

Da dare in ya yi ɗan ƙorafi kar ki zabura ki sure shi, dakata kaɗan ki saurara, wani lokacin cikin barci yake mutsu-mutsunsa. In kukan gaske ne ki gyara masa kwanciya, ki dafa ƙirjinsa kina ɗan bubbugawa, ba kunna ƙwan ɗaki ba hira ba wasa. In yunwa ce ki ba shi nono, ɗan wata 5 yana da haƙƙin sha da dare. Amma dan Allah ban da maganin mura ko na tari dan ya yi barci, ko wa ya ce miki ya gwada, kuma ban da ruwa ko koko kafin wata 6.

Yawanci sati biyu zuwa uku abin ya wuce, nawa kwana goma sha ya yi, na tashi wata safiya na gan shi ya juya ƙafa inda kai yake yana ta barcinsa. Amma in tashin ya zo da zafin jiki, ko ya ƙi kama nono, ko numfashi yana fita da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko gudawa da amai, wannan ba juyi ba ne, a kai shi asibiti a gwada jini ko maleriya ce, kar a jira gari ya waye ana ta jijjiga.