Yadda Ake Ɗora Sabon Mai Karatu a Kan Labaran Gano Mai Laifi Marasa Tashin Hankali

Akwai wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gadona, nan ƙauyenmu da ke gefen Ringim, cike da littattafan Turanci na hannu da nake tsintowa in na shiga Kano wajen Sabon Gari. Na daɗe ina bayar da aronsu ga malaman makarantarmu, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da yaran da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako. Waɗanda suka fi shan hannu su ne irin da Turawa ke kira cozy mystery. An yi laifi, sau da yawa kisa ne, amma marubucin ba ya tsayar da kai a kan jini. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Mai binciken galibi ba ɗan sanda ba ne, kayan aikinsa kunne ne da lura. Kuma jeri ne, in ka gama ɗaya kana da na gaba da mutanen da ka riga ka saba da su.

Matakin farko, kada ka buɗe adakar tukuna. Tambayi mutum abin da ya saba karantawa. Ni na taɓa yin gaggawa, na miƙa wa ƙanwata wani littafin Poirot, mai binciken da marubuciya Agatha Christie ta ƙirƙira, wanda aka yi kisa a cikin jirgin ƙasa, fasinjoji daga ƙasashe daban-daban. Kwana uku ta dawo da shi. "Yaya, sunayen nan sun fi na 'yan ajinmu yawa," in ji ta. Da na tambaye ta tun farko, da na san littattafan soyayya na Hausa ta saba da su, inda abin da ke riƙe ta shi ne zaman gida da halin mutane. Wanda kuma ya taso da James Hadley Chase, sai ka gaya masa a fili cewa nan ba harbe-harbe, ba gudun mota, don kada ya kai shafi na hamsin yana jiran bindiga.

Na biyu, yi masa bayani da abin da ya sani. Ni da dillaliya nake misali. An sace ɗan kunne a gidan biki, ba wanda ya je caji ofis. Amma akwai wata Inna da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfofi, ta ji wadda ta biya bashin adashi jiya alhali shekaranjiya tana kukan babu, ta ga wadda ta ƙi haɗa ido da uwar amarya. Ba ta tuhumi kowa ba, ta dai haɗa wannan da wancan, don ta san ruwa ba ya tsami banza. In ka faɗi haka za ka ga mutum ya yi murmushi, domin ya san wata Innar a unguwarsu. Aikin Miss Marple ke nan, tsohuwar da Agatha Christie ta zaunar a ƙauyen St Mary Mead na Ingila, tana saƙa tana sauraro. Duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani ɗan ƙauyensu, kuma daga nan take gane abin da zai iya aikatawa.

Na uku shi ne zaɓen ƙofar shiga, kuma nan ne aikin yake.

Ga yawancin mutanenmu, daga Botsuwana nake farawa. Alexander McCall Smith ya fitar da The No. 1 Ladies' Detective Agency a 1998, yanzu jerin ya haura littattafai ashirin. Tauraruwar jerin, Mma Ramotswe, ta gaji shanu daga mahaifinta, wanda ya ƙare ƙarfinsa a ramukan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu. Ta sayar da su ta buɗe ofishin bincike a Gaborone. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar Juma'a a Wudil ba ya bukatar a fassara masa nauyin wannan shawara. Akwai jiran ruwan sama, akwai ƙura, akwai doguwar gaisuwa kafin a shiga magana, akwai girmama na gaba. Matsalolin da ake kawo mata ma na gida ne. A babin farko wata mata ce ta zo, wani dattijo ya bayyana ya ce shi ne ubanta da ya ɓace tun tana jaririya, ya tare a gidanta yana ci yana sha yana aike, ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba. Iya nan nake tsayawa in ina tallan littafin, sai dai in ƙara cewa Mma Ramotswe ta ari kayan malamar jinya. Turancinsa mai sauƙi ne. Ƙanwar tawa da ta dawo da Poirot, wannan a kwana huɗu ta cinye shi, ta aiko yaro karɓar na biyu, Tears of the Giraffe.

Mai son wasa ƙwaƙwalwa kuwa Marple zan ba shi, amma ba dogon labari ba. The Thirteen Problems na 1932 gajerun labarai ne goma sha uku: ana hira, wani ya kawo abin da ya taɓa faruwa, sauran su yi ta canka, kamar kacici-kacici a dandali, tsohuwar da aka raina ta ba da amsa. Labari ɗaya bayan sallar isha'i ya isa. In ya ji daɗi, sai The Murder at the Vicarage na 1930, farkon dogayen labaranta goma sha biyu.

Masu kallon finafinan Indiya, ga Sufeto Chopra na Vaseem Khan, wanda ya fara fita a 2015: ɗan sanda a Mumbai, ranar da zai yi ritaya ya gaji ɗan giwa. The Thursday Murder Club na Richard Osman, na 2020, ya yi suna ƙwarai, amma ba na fara ba da shi. Barkwancinsa na Ingila ne tsantsa, kuma sai ka tsaya bayanin dalilin da tsofaffi ke zaune a unguwarsu su kaɗai ba jikoki.

Na huɗu, karanta kafin ka bayar, kuma faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Rashin jini ba ya nufin komai ya dace da kowa. A littattafan Agatha Raisin na M. C. Beaton ana shan giya, ana bin maza, ba zan ba 'yar wani ba. Ko na Botsuwana, littafin farko yana da labarin miji mai duka da yaron da aka sace don tsafi. Gara mutum ya ji daga bakinka. In matar aure ce ke so, ta hannun maiɗakina littafin ke tafiya.

Na biyar, littafi ɗaya tak. Wanda ka tara wa biyar ba zai gama ko ɗaya ba. Na Marple ana iya tsallake-tsallake, amma na Mma Ramotswe a bi su a jere, saboda maganar aure da ta ofis suna ci gaba daga wannan zuwa wancan. Lokaci ma abin dubawa ne: da damina manomi ya dawo a gajiye, bari sai an kai amfani gida.

Sai maganar Turanci, wadda ita ce ke kayar da mutane. Ina saka farar takarda a cikin littafin in ce ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya fito da abin da ya haɗa shi da mamacin. Ƙamus kuma a bar shi sai kalma ta maimaitu sau uku ba a gane ta ba. Mai babbar waya zai iya sauke The Mysterious Affair at Styles, littafin Christie na farko na 1920, kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg ranar da sabis ya yi kyau, ya karanta ko ba data.

Na ƙarshe ya fi wuya ga wanda ya riga ya karanta: kame baki. In kun haɗu a majalisa ya kai tsakiya, tambaye shi wanda yake zargi, ka sa ya rubuta a bayan takardar nan, fuskarka kuma kada ta nuna komai. Wani malamin lissafi a makarantarmu ya tare ni a bakin masallaci, ya ce, "Malam, don Allah gaya mini kawai, likitan nan ne ko?" Na ce masa lokacin salla ya yi. Washegari da sassafe ya zo da littafin a cikin leda, idonsa jajir, ya ce cajin fitilarsa ya ƙare saura shafi goma sha biyu, sai da ya tashi ƙaninsa ya karɓi waya. Na rubuta a littafin aro cewa ya dawo da shi, na jawo adakar.