Darasi na 6: Lambun bayan ɗaki ba tare da takin buhu ba

Duk mazaunin Mai Wurno, Sinnar, Wad Madani ko Gadarif a nan Sudan ya san halin ƙasarmu. Baƙar laka ce. Da rani ta dare har mutum ya zura hannu cikin tsagar, ruwa na sauka kuma ta kumbura ta riƙe takalmi. Ƙarfi kam tana da shi, ita ce ta ɗauki audugar yankin Jazira tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Sai dai saiwar kayan miya ba ta son matsi. Yuriyar buhu tana sa ganye ya yi kore shar, amma ba ta sassauta laka. Ruɓaɓɓen taki ne ke yin wannan aiki, shi kuwa a gida ake haɗa shi.

Haɗa taki

Ku nemi inuwa a gefen gida, ku haƙa rami mai faɗin mita 1, zurfinsa ya kai gwiwa. Idan damina ce kada ku haƙa, ku tara shi tsibi a kan tudu, domin laka ba ta shanye ruwa da wuri, ramin zai zama kududdufi ya yi ɗoyi.

A fara shimfiɗa busassun abubuwa, kamar karan dawa da aka daddatse, ɓawon gyaɗa da busasshen ganye. A bi da kashin awaki, tumaki ko shanu. Sai sharar madafa: ɓawon albasa, ragowar ganyen miya, ganyen shayi da tukar gahawa. A barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake hawa na biyu haka nan har ya cika. Ban da leda, nama, mai da kashin kare ko na kyanwa.

Ga yadda ake gane ruwa ya yi daidai. Ku damƙi takin a hannu ku matse. In ya dunƙule bai ɗiga ba, madalla. In ruwa ya biyo yatsu, a ƙara kara. In ya wargaje, a ƙara ruwa. Ku kafa sanda a tsakiya, bayan 'yan kwanaki ku zare ku taɓa. Jin ɗumi alama ce takin na dahuwa. A juya shi duk mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshi irin na ƙasa ranar ruwan farko.

Masu gaggawa sukan kwaso ɗanyen kashi daga garke su zuba a gindin shuka. Wannan kuskure ne babba. Yana ƙona ƙananan tsiro, musamman kashin kaji da na tattabaru, yana kawo irin ciyawa, sannan yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Jirjir kuwa, wato ganyen salak mai ɗan yaji, ɗanye muke cin sa, har da yara.

Sai maganar toka. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato da Kano sun saba zuba ta a gona, kuma a jigawar can tana da amfani. Lakar nan tun asali tana da kanwa-kanwa a jikinta, toka kuma ƙara mata take yi, sai ganye ya ɗashe. Tafi ɗaya a cikin ramin taki ya isa.

Shuka da ban ruwa

Ku tayar da kunya ko fangali mai ɗan tudu, faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Kowace mita a cuɗa mata bokiti 2 na taki. Kuɓewa, lalo da yakuwa na damina ne. Tumatir, albasa da jirjir sanyi suke so, a fara su daga Oktoba zuwa Nuwamba. Kuɓewa a ba ta tazarar santimita 30, takan fara 'ya'ya wajen wata 2, a riƙa tsinka duk bayan kwana 2 kafin ta ƙosa. Rarar a yanyanka a shanya, ga waika ta samu, wato busasshiyar kuɓewa.

A yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari. A rufe saman fangali da busasshiyar ciyawa don kada rana ta tsage shi, tsagar tana tsinka saiwa.

Ƙwari

Babban abokin gabar tumatir a nan shi ne farin ƙuda. Ɗan mitsitsi ne, yana maƙale a bayan ganye, in an girgiza shukar sai ya tashi. Shi ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a kai nesa, kada a jefa ta ramin taki. Tun a wurin reno a lulluɓe irin da yadi mai shara-shara.

Maganin feshi yana ƙofar gidajenmu, wato dogon yaro, wanda ake kira nim. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa. A daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan guntun sabulun sanda a ciki don ya kama ganye. A jira yamma sannan a fesa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, a kuma juya ganyen a jiƙa bayansa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, ci yake hana shi da hayayyafa, don haka a maimaita duk mako.

Aikin gida: kowa ya auna wurin da zai yi raminsa, ya rubuta a takarda sunayen abubuwa 5 na gidansa da za su shiga ciki, ya zo da ita aji.