Darasi na 9: Idan tsoka ta ɗaure, yaya za a faɗa wa likita?

A karanta

Wani magidanci ne mai garkar albasa a gefen Tawa. Lokacin cirar albasa ne, rana tana dukan ƙasa. Ya wuni duƙe, ga ɗaukar buhu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ruwan da ya sha kuwa bai taka kara ya karya ba. Can cikin dare ya yi miƙa cikin barci, sai ya ƙwalla ƙara.

"Maigida, lafiya? Kunama ce?" Uwargida ta lalubo tocila, ta ɗaga tabarma, ta haska ko'ina. Babu kunama. Da ta kai hannu ga sha-raɓarsa sai ta ji naman ya dunƙule, ya yi tauri kamar dutsen niƙa, yatsun ƙafar sun lanƙwashe ƙasa. Bayan minti biyu ko uku abin ya saki. Sau uku ke nan cikin mako guda, saboda haka da safe ya tafi likita.

"Baba, me ke damunka?" in ji malamar likita.

"Ciwon jijiya ne, ɗiyata."

"A ina? Suka yake yi, ko zugi, ko ɗaurewa?"

Ya yi shiru, ya ce, "Ciwo dai."

Abin da ke faruwa cikin jiki

A nan ne da yawanmu muke tuntuɓe. Mu Hausawa kusan kome jijiya muke ce masa: hanyar jini jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, agara ma jijiya. Amma abin da ya kama mai albasan nan tsoka ce, wato naman da ke motsa ƙashi. Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600. Aikin kowace shi ne ta taƙure, sannan ta saki. In ta taƙure da kanta, ba da izininka ba, ta kuma ƙi saki, shi ne ɗaurewa.

Ta fi kama sha-raɓa, sai tafin ƙafa da cinya, kuma ta fi son dare. Takan ɗauki daga ƴan daƙiƙu zuwa kamar minti 10. Bayan ta saki wurin yakan yi tsami, har ya kai washegari. Gajiyar tsoka na kawo ta, haka yawan gumi ba tare da shan ruwa ba, domin gumi yana fita da gishirin jiki. A bazara, sa'ad da zafin Tawa ke wuce digiri 40, ɗan kabu-kabu da mai dako da mai dakan hatsi duk sun san ta. Tsofaffi da mata masu tsohon ciki su ma tana yawan ziyartarsu. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari suna iya jawo ta, amma kada ka bar shan su sai ka shawarci wanda ya rubuta maka.

Sunayen ciwo

Harshenmu ba matalauci ba ne wajen ciwo, mu ne muke ƙyuyar zaɓen kalma. Ɗaurewa ita ce ka ji kamar an naɗa igiya an ja da ƙarfi, ka taɓa ka ji curi. Murɗawa kamar ana matse wanki ne, ta fi zuwa a ciki. Ƙagewa ita ce ka tashi da safe wuya ya ƙi juyawa, ko ka sunkuya ɗaukar tulu gadon baya ya riƙe, ka kasa miƙewa. Akwai kuma fizga, wadda fatar ido ko naman dantse ke rawa shi kaɗai, ba zafi. Wannan yawanci gajiya ce da ƙarancin barci, ko da yake kaka za ta ce baƙo za ka gani.

Waɗannan duk na tsoka ne. Amma suka kamar ta allura, da ƙuna kamar an zuba barkono a tafin ƙafa, da minjirya, wato ƙafa ta mutu tana tsiko-tsiko, sun fi nuna jijiyar saƙo, kuma masu ciwon sukari sukan ji su. Zugi kuwa, wanda ke bugawa tare da bugun zuciya, irin na ƙurji ne ko kumburi. Kowanne da hanyar maganinsa. Wanda ya ce "ciwo dai" ya bar likita cikin duhu.

Da malamar ta bi shi a hankali, ga abin da mai albasa ya faɗa: "Sha-raɓar dama ce. Cikin dare take ɗaurewa, ta yi curi, minti uku ta saki. Sau uku a makon nan. Babu kumburi, babu zazzaɓi." Ta ce, "Yawwa Baba, yanzu ka yi magana."

In ta kama ka

Ka miƙe ƙafar, ka kama yatsun ka jawo su wajen ƙwauri, ka riƙe har ta saki. Da zafi, amma shi ne gajeriyar hanya. In kana iya tashi, ka taka a kan dunduniya. Sannan a murza wurin a hankali, a gasa da tsumma mai ɗumi. Kafin kwanciya ka dafa bango, ka ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji sha-raɓa ta ja. Ruwa kuma a sha tun kafin ƙishirwa ta matsa. Mai azumi ya rama tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ban ga amfanin tsaga ko ƙaho a nan ba, domin ba mugun jini ne ya taru ba, kuma aska marar tsabta tana iya kawo abin da ya fi ɗaurewar muni. Tramol na masu tallan magani a faranti kuwa ba ya hana tsoka ɗaurewa, sai dai ya kama mai shan sa.

Wanda ba a kwana da shi

In ɗaurewa ta zo tare da zawo da amai, ruwan jiki ne ke ƙarewa. A kaɗa ƙunshin gishirin zawo guda, wanda ake kira SRO, cikin litir 1 na ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa ana kan hanyar likita. In wuya ya sandare ga zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, a yi zaton sanƙarau, musamman a rani. In haƙora suka sarƙe, jiki na sandarewa, bayan ƙusa ko ƙaya ta soki mutum kwanakin baya, alamar tetanos ce. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ciwon bai saki ba: wannan kada a murza, jini ne mai yiwuwa ya daskare a hanyarsa.

Aiki

Me ya sa uwargida ta ɗaga tabarma? Mene ne bambancin ɗaurewa da minjirya?

Ku kwafi waɗannan kalmomi, ku lura da ƙugiyar baƙi: ɗaurewa, ƙagewa, murɗawa, sha-raɓa.

Yanzu ku zauna biyu-biyu, ɗaya likita ɗaya majiyyaci. Majiyyaci ya tuno wani ciwo da ya taɓa yi, ya faɗi wurinsa, da irinsa, da lokacin da yake zuwa, da tsawon da yake ɗauka. Likita ya rubuta a allo cikin jimla huɗu, sannan ku yi musanya.