Kafin ka zuba maganin kashe katantanwa a tafkin kifinka, duba bayan katantanwar

Jama'a, ba kowace katantanwar ruwa ce ke ɗauke da tsargiya ba. Ka duba ƙwaryar bayanta tukuna.

Sa safar roba, ciro ganyen bado ko dutse daga bakin ruwa, ka kifar da shi a farin faranti. Ɗauki hoto da waya, ka ƙara girmansa.

In ka ga ƴar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, bayanta kamar malfa, babu murɗi ko kaɗan, ta manne gam, to dangin Burnupia ce ko Ferrissia. Gansakuka take kankara ta ci. Ba ta yaɗa tsargiyar mutum, ba ta taɓa kifi. Ƙyale ta. Burnupia ta fi son duwatsu inda ruwa ke motsi, Ferrissia kuwa har a ruwan kwance za ka same ta a ƙarƙashin ganye.

Masu haɗarin murɗaɗɗu ne. Bulinus, mai kawo fitsarin jini: ɗaga tsininta sama, bakin na kallonka, za ka ga bakin a hagu. Biomphalaria kuma shimfiɗaɗɗiya ce kamar gammo.

Abin da ya sa na damu: maganin kashe katantanwa irin su niclosamide yana kashe kifi ma. In ka zuba shi saboda mai malfa, asara biyu ke nan: kuɗin magani da kifi.

Amma fa ganin mai malfa ba ya nufin ruwan lafiya lau yake. Ganye ɗaya kan ɗauki iri biyu, ƴaƴan Bulinus kuma ƙanana ne, ido kan tsallake su. Duba ganye goma zuwa ashirin daga ɓangarori daban-daban. In ka samu murɗaɗɗiya, hana yara shiga ruwan, ka nemi jami'in lafiya.