Kwanakin jiran masu kwashe dusar ƙanƙara a Monreyal: abin da ɗan Garwa ko Njamena zai yi

Ɗalibai da ma'aikata da yawa daga Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena suna zaɓar Monreyal a Kanada saboda Faransanci. Wanda sanyin da ya sani bai wuce na hunturu da hazo ba, abin da ke ba shi mamaki a shekarar farko shi ne dusa ta daina sauka amma layinsu na nan a toshe kwana da kwanaki.

Aikin share dusar hawa uku ne. Ana fara watsa gishiri da tsakuwa, sai motoci su ture dusar zuwa gefen titi. Kwashewa, wato a hura ta cikin manyan motoci a kai ta juji, ba a farawa sai ta taru kamar santimita 10 zuwa 15. Tituna da hanyoyin ƙafa na birnin sun kai kusan kilomita 10,000, kuma manyan tituna da hanyoyin bas da ƙofofin asibiti da makarantu ake fara yi. Layin cikin unguwa shi ne na ƙarshe. A watan Fabrairun 2025 dusa fiye da santimita 70 ta sauka cikin kwana huɗu, aka shafe sama da mako ana kwashewa. Don haka ka tanadi shinkafa da mai da madarar yara da magani na aƙalla kwana biyar tun kafin guguwar ta iso.

Abin da ke kisa a waɗannan kwanaki shi ne mota. In dusa ta binne ta, kada ka tayar da inji sai ka haƙe bayanta ka ga bakin salansa a fili, da sarari kewaye da shi. Salansa in ta toshe, hayaƙin yana komawa cikin motar, iskar gubar da ke cikinsa kuwa ba ta da wari ba ta da launi. Iyaye kan sa yara a ciki su kunna musu na'urar ɗumi, su kuma suna waje da shebur. Don Allah kada a yi haka, mintoci kaɗan sun isa. Haka nan in wuta ta ɗauke, kada a shigo da gawayi ɗaki don dafa shayi ko jin ɗumi kamar yadda aka saba a gida, domin ɗakunan can a rufe suke ruf. Wanda ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a fitar da shi waje a kira lambar gaggawa 911.

Sai maganar ajiye mota. Kafin a kwashe layinku za a kafa alamu masu ruwan lemo na hana ajiye mota, an rubuta ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, ko 7 na yamma zuwa 7 na safe. Duba su safe da yamma, don ba a jiran kowa. In ka ji jiniyar motar janwe tana zagaya layi, gargaɗin ƙarshe ke nan. Za a ja motarka zuwa wani layi, ga tara. Birnin na buɗe wuraren ajiye mota kyauta da dare a lokacin kwashewa, lambar 311 za ta gaya maka na kusa da kai. Tayoyin sanyi dole ne a Kebek, lardin da Monreyal take, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Wajen shara, a ture dusa da shebur ya fi a ɗaga ta, kuma a huta bayan kowane minti goma sha biyar, musamman mai hawan jini ko ciwon zuciya. Tudun da motar turewa ta bari a ƙofar gida, a kwashe shi nan take: da ɗumin rana yana narkewa kaɗan, da dare ya daskare ya zama dutse, shebur na roba sai ya karye. Gishiri yana raguwar ƙarfi in sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, a nan tsakuwa ko yashi ne maganin santsi a matakala. Kada ka zubar da dusar gidanka a titi ko hanyar ƙafa, akwai tara. In akwai tsoho ko mai ciki a ginin ku, a buɗe masa hanya daga ƙofa zuwa titi, faɗin da gadon ɗaukar mara lafiya zai wuce.