Yadda za ka gane tsohuwar bindigar soja a gidan tarihi

Kada ka dogara da takardar da aka liƙa a gilashi, wani lokaci "bindigar Turawa" kawai aka rubuta. Fara duba ta inda ake ɗura ta.

Idan bayan bututun a toshe yake, ba wata ƙofa, to ta baki ake mata ɗuri kamar bindigar toka. Sandar da ke ƙarƙashin bututu ba hujja ba ce, don masu cin harsashi ma suna da ta goge ciki. In ka ga 'yar guduma a waje, ga kuma murfi da ke buɗewa gefe a bayan bututu, Snider ce: tsohuwar bindigar Enfield ta 1853, mai ɗuri ta baki, da Ingila ta fara sauya wa ɗuri zuwa ta baya a 1866. Martini-Henry ta 1871 ba ta da guduma a waje. Hannu gare ta a bayan kunama da ake ja ƙasa, harsashi ɗaya take ci. Gidan harsasai a gaban kunama, tare da sakata, a bindigogin Ingila alamar dangin Lee ce, irin su Lee-Enfield. Mai katako har bakin bututu ita ce SMLE, wato gajeriyar Lee-Enfield, mai cin goma. Lebel ta Faransa, ta 1886, tana ɓoye takwas cikin wani bututu ƙarƙashin babban, shi ya sa ba ka ganin gidan harsasai a jikinta.

Sai tambari, kuma a nan aka fi yin kuskure. Haska fitilar waya a karkace, rubutun da ya goge zai fito. Kambin sarauta da V.R. na Sarauniya Victoria ne, E.R. na Sarki Edward daga 1901 zuwa 1910, G.R. na Sarki George bayan nan. Kibiya ɗaya na nufin kayan gwamnatin Ingila. Biyu da suka haɗa kai, soja sun sayar da ita. D.P. kuwa ta fareti ce, an daina harbi da ita.

Shekarar da ke jikin Snider galibi ta asalin bindigar ce, ba ta lokacin sauyi ba. Martini da aka mayar mai cin harsashin .303 tana da rubutu na biyu a gefen hagu, don haka nemi izinin ma'aikaci ka leƙa can. In ka ga V.R. da shekarar da ta wuce 1901, ko harafin N a juye cikin ENFIELD, ka yi zargin kwaikwayo ce, ƙirar maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afghanistan.