Darasi na 7: Gogayya da kusurwar zamewa

Duk wanda ya taɓa jan buhun gujiya a kan daɓe ya san cewa motsa shi da farko ya fi ci gaba da jan sa wuya. Abin da ke riƙe buhun shi ne gogayya, wato turjiyar da ke tasowa a inda jikin abubuwa biyu ya haɗu, domin ko katakon da kafinta ya goge sumul yana da ƙananan tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani.

Ku samo dogon katako busasshe, ku ɗora bulo ɗaya a kansa, sannan mutum guda ya riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali, sauran suna zuba ido. Da zarar bulon ya fara zamewa, a tsaya cak. Buɗewar da ke tsakanin katakon da ƙasa a wannan lokaci ita ce kusurwar gogayya. Ku auna tsayin gefen da aka ɗaga, ku auna kuma nisan ƙasa daga gindin katakon zuwa daidai ƙarƙashin wannan gefe, sannan ku raba na farko da na biyu. Idan tsayin santimita 50 ne, nisan kuma 100, amsar rabi ce, kusurwar kuwa kusan digiri 27.

A nan nake son malami ya dakata, ya tambayi ɗalibai abin da zai faru idan aka ɗaure bulo biyu, ɗaya bisa ɗaya. Yawancinsu za su ce mai nauyi zai fi kama katakon. Ku gwada, za ku ga ya zame a kusurwar da ta gabata, saboda nauyin da ya ƙara danne shi, shi ne kuma ya ƙara jan sa ƙasa. Wani masani ɗan Faransa, Guillaume Amontons, ya bayyana a 1699 cewa gogayya tana ƙaruwa ne daidai da nauyi, ba da faɗin wurin haɗuwa ba.

Abin da ke sauya kusurwar shi ne yanayin jikin abubuwan. Man gujiya kaɗan a kan katakon ya isa ya rage ta ƙwarai, kuma irin wannan santsi ne ke kayar da mai babur a hanyar laka da damina. Busasshen rairayi irin na Gulbin Maraɗi ma yana da tasa iyaka: komai yawan wanda aka zuba, gefen tulin ba ya wuce kusan digiri 34.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya maimaita gwajin a gida da takalmin roba, sannan da kwanon sha, ya rubuta awon duka biyun a littafinsa.